Ikon Ganin Dama

Ranar da Malama ta fara roƙon abin da yake nata, Lauya yana zaune a teburin falo yana ɓare dafaffen ƙwai, ga wani littafi mai kaurin bulo a buɗe a gabansa. Ba lauya ba ne tukuna, karatun yake yi a ajin yamma bayan ya taso daga ofis. Amma tun ranar da ya shigo gida da baƙar kwat Mama ta laƙa masa sunan, shi kuma bai taɓa cewa a bari sai ya ci jarrabawa ba.

"Gobe ne wankin ƙodata," in ji Malama. Ta dafa bayan kujera, don tsayuwa ta fara yi mata wuya. "Asibiti sun ce ba za su ɗora ni a inji ba sai an biya."

"Na sani, Yaya." Ko ɗagowa bai yi ba. "Ina nazarin lamarin."

"Nazarin me? Ƙafafun nan ne ba ka gani ba?"

Ya barbaɗa wa ƙwan gishiri, gishirin da likita ya hana ta ko lasa, ya kai baki. Sai da ya haɗiye sannan ya ce ta zauna, akwai abin da ya kamata ta fahimta.

Dukiyar gidan dai ba ɓoyayya ba ce. Dogon gini ne a bakin babban titi, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, haya tana shigowa ko ana ruwa ko ana rana. Kafin Baba ya rasu ya ji tsoron kada a yayyaga ginin a sayar, sai ya mayar da shi amana: ba mai rabawa, ba mai sayarwa, hayar kuma a riƙa kula da iyali da ita, ciwo da karatu da duk abin da ya taso. Ya ɗora riƙon a hannun mutum biyu, ƙaninsa Baffa da ɗan cikinsa namiji, wato Lauya. Malama ce babba, amma ba a sa ta ba. A lokacin ko a jikinta, tana koyarwa a firamare, tana da albashinta, ƙodarta kuma garau. Da ciwon ya zo ya raba ta da aji, aka yi ta biyan asibiti ba tare da kowa ya ce uffan ba. Sai Lauya ya shiga darasin dokar amana, wai don ya riƙe dukiyar gida da ilimi. Tun daga nan duk abin da ta nema sai ya samu suna.

"Kin ga, Yaya, ni ba mai dukiya ba ne, mai riƙo ne. Ke kuma mai cin gajiya ce, ɗaya daga cikin masu cin gajiya. Takardar Baba ba ta ce dole in biya ba. Ta ba mai riƙo ikon ganin dama. Kuma doka ta ɗora min in yi adalci tsakaninki da sauran, da Mama, da 'ya'yana, har da waɗanda ba a haifa ba."

"Waɗanda ba a haifa ba su ma wankin ƙoda suke yi?"

"Kin ji matsalar yin magana da wanda bai karanta abin ba."

Ta dube shi, wannan da ita ta koya masa riƙe fensir, ta ga har ya iya kaɗa yatsa idan yana magana, sai ka ce akwai alƙali a bayan firij. Da ya gama lacca ya yanke hukunci: amana za ta ɗauki wanki biyu a mako, ba uku ba. Ya ce ya bincika a waya, akwai ƙasashen da biyu ake yi, mutane kuma suna nan da ransu.

Wanki ɗayan da aka cire ba komai ba ne a bakin Lauya. A jikin Malama ya fito. Takalmanta suka daina shiga, ta koma silifas ɗin wanka, su ma igiyarsu ta riƙa nutsewa a cikin naman ƙafa. Ƙaiƙayi ya kama ta daga wuya har gadon baya, ta yi ta susa har farce ya bar zane. Bakinta kullum kamar ta tsotsi tsohon makulli. Ruwa kuwa da murfin kwalba take auna shi, ga ƙishirwa tana sassaƙar maƙogwaro.

Likita ya ɗora ta a sikeli, ya dubi allurar, ya dube ta.

"Malama, wa ya ce ki rage zuwa?"

"Lauyanmu."

"Au, lauya ne ke duba ki yanzu?"

"Shi ke duba komai a gidanmu, likita."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce ruwa ya fara taruwa a huhunta, in aka ci gaba da haka zuciya ce za ta gaza. Ya ce ta gaya wa lauyan nasu ya zo ya same shi. Ta isar da saƙon. Lauya ya ce likitoci duk haka suke, kasuwarsu suke karewa.

Ta samu Mama a ɗaki tana kallon talabijin, sabuwar na'urar sanyaya ɗaki tana huci a saman kanta.

"Mama, ki yi masa magana. Ke zai ji."

Mama ta rage sauti, amma ba ta kashe ba. "Malama, ke ma kin cika gaggawa. Yaron nan ko abinci ba ya ci cikin natsuwa saboda ku. Ba ki ga yadda ya rame ba?"

"Ya rame? Maɓallin kwat ɗinsa ihu yake yi."

"Ai wannan bakin naki shi ke ja miki. Ciwo na Allah ne. Inji ba ya ba da rai."

"To ki ajiye maganin hawan jininki mu gani, ai shi ma ba ya ba da rai."

Mama ta ɗaure fuska ta ƙara sauti. Can ta miƙo wata gora da maƙwabciya ta kawo, wani baƙin jiƙo, wai an ba wani mai irin ciwon ya tashi har yana tuƙa mota. Malama ta karɓa, ta je ta juye a bayan gida. Ba ta ma tsaya jin haushi ba. Ta gane lissafin tuntuni: tsohuwa ta dubi 'ya'yanta biyu, ta zaɓi wanda zai daɗe.

Saura Baffa. Ta hau tasi ta je ginin, don a nan shagonsa yake, babban na tsakiya, inda yake sayar da fenti da tayil, kuma ba wanda ya taɓa jin an tambaye shi haya. Ta kusa wuce wurin. An shafe ginin da sabon fenti, an sa ƙofar gilashi a bakin matakala, daga sama kuma ana jin kafintoci suna buga guduma.

Baffa ya tarbe ta da sannu-sannu har ta yi yawa, ya sa aka jawo mata kujera, ya ce a kawo lemo, sannan ya tuna ba ta sha.

"'Yata, Allah ya sani ina jin ciwon nan har cikin ƙashina. Amma ni hannu kawai nake sawa. Ƙaninki ya yi karatu, ni ina zan ja da mai karatu? In ya ce doka, ai doka ce."

"Baffa, Baba mutum biyu ya sa don in ɗaya ya kauce ɗaya ya tare."

"Haka ne, haka ne." Ya sosa gemu yana kallon gwangwanayen fenti. "Sai dai hayar ma ba ta kai yadda kike zato ba. Ga gyaran nan. Ga kuɗin makarantarsa."

"Makarantar wa?"

"Ta Lauya mana. Ya ce doka ta yarda, tunda don amanar yake karatun. Horar da mai riƙo, haka ya kira shi."

"Bugun da nake ji a sama fa?"

Baffa ya yi tari. Ofis ne ake gyara wa Lauya, don in ya gama ya samu wurin zama. Ya ce wannan ma ƙara wa kadara daraja ne. Malama ta dubi sabon fentin da ke bangon waje, ta dubi gwangwanayen da ke shagon, launi ɗaya, kamfani ɗaya. Ba ta tambayi inda aka sayo ba. Ta miƙe da ƙyar. Baffa ya raka ta har bakin titi, ya biya mata tasi da murya mai ƙarfi yadda maƙwabtan shago za su ji.

Wata Asabar da yamma Lauya ya tara abokan karatunsa a falo, suna bitar darasi. Aka jera lemo da biskit. Bango ɗaya ne tsakanin falon da ɗakin Malama, tana jingine a kan tarin filo, don in ta kwanta sosai numfashi ƙwace mata yake yi. Tana jin su suna ta jifan juna da manyan kalmomi. Can muryar ƙaninta ta hau saman ta kowa.

"To ga misali. A ce mutum ya bar kadara amana don iyalinsa. A ce ɗaya daga cikin masu cin gajiya ta kamu da ciwon da ba ya warkewa, magani kuma yana lashe hayar. Shin dole ne mai riƙo ya ci gaba da biya?"

"Dole mana," in ji wata mace. "In ba don irin wannan ranar ba, don me aka kafa amanar?"

"Kin kawo tausayi, malamin nan kuwa ba ya ba tausayi maki."

Aka kwashe da dariya. Lauya ya gyara murya ya shiga jero hujja, tiryan-tiryan, da gani ba yau ya fara tunanin abin ba.

"A duba da kyau. A ce mai ciwon nan ba ta da ɗa, ba ta da kowa a bayanta. Ko an kashe kuɗin ko ba a kashe ba, ƙarshen ɗaya ne, jinkiri kawai ake saye. In ta rasu, abin da ake kashe mata ya koma kan sauran. Mai riƙo mai hankali zai auna waɗanda suke da gaba a kan wadda ba ta da ita."

"Wallahi in ka rubuta haka, ka ci," wani ya ce, har da tafi.

Malama ta sauko da ƙafa ɗaya daga gado, ta huta, ta sauko da ɗayar. Ta bi bango har ƙofar falo, ta yaye labule. Suka juyo, wasu da biskit a baki.

"Sannunku da karatu," ta ce. Numfashinta yana yankewa tsakanin kalmomi. "Na ji ana ta a ce, a ce. Ba sai an ce ba. Ga ta nan. Ni ce misalin."

"Yaya, koma ciki."

Ta ɗage zani zuwa gwiwa. Ƙafafun sun yi sumul suna ƙyalli kamar an hura su. Ta sunkuya ta danna babban yatsa a ƙwauri, ta ɗauke. Ramin ya tsaya a wurin, bai ciko ba.

"Ku duba da kyau, ko zai fito a jarrabawa."

Matar da ta yi magana ɗazu, wata mai tabarau, ita ta fara tattara littattafanta. Ta zo wucewa ta rusuna ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, Anti," ba ta ko dubi Lauya ba. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da wani uzuri. Mai tafin nan shi ya riga kowa kaiwa ƙofa.

Lauya ya rufe ƙofa ya juyo, jijiyar wuyansa a tsaye.

"Kin zubar min da mutunci a gaban abokan karatuna!"

"Au, da saura?"

Wannan kalmar ita ya riƙe. Washegari ya kira Mama da Baffa ya zaunar da su, ya ce tunda Yaya ta mayar da abin rigima har tana zarginsa a gaban baƙi, shi zai wanke kansa. Zai kai takardar Baba kotu ta fassara musu abin da ikon ganin dama ya ƙunsa. In alƙali ya ce a biya, ko ginin ne a jinginar, shi mai biyayya ne. Amma kafin nan ba zai taɓa ko sisi ba, don in ya biya aka zo aka ce ya yi kuskure, daga aljihunsa za a cire.

"Wanki biyun ma?" Malama ta tambaya.

"Magana tana gaban kotu, Yaya. Hannuna a ɗaure yake."

Baffa ya gyaɗa kai ya ce wannan shi ne adalci, ya sa hannu. Mama kuwa har da ƙwalla. "Kin gani ko? Har kotu zai je saboda ke. Wane ƙani ne zai yi wa yayarsa haka?"

"Babu, Mama. Shi kaɗai ne."

Aka ɗauko lauya na gaske, babba, mai ofis da sakatariya. Kotu ta ba da rana mai nisa. Ranar ta zo, aka ce alƙali ya tafi taro, aka ɗaga. Ta sake zuwa, aka ce ba a kai wa wani takarda ba, aka sake ɗagawa. Duk dawowar Lauya sai ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ba ya shiga saboda ya ce warin magani yana tayar masa da zuciya, ya ba ta rahoto kamar mai albishir.

Malama ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, ta je wanki. Ta sayar da keken ɗinki, ta je. Shugabar makarantarsu ta zo da abin da malamai suka harhaɗa, ta zauna a bakin gado tana share ido, Mama kuma tana gaya mata irin ɗawainiyar da Lauya yake yi. Wannan ma ya kai ta inda ya kai ta. Daga nan sai zama. Ta daina iya ƙarasa cokalin shinkafa, abin da ta ci sai ya dawo. Fuskarta ta kumbura har idanun suka zama tsaga. Wani lokaci sai ta kama kanta tana kiran sunayen 'yan ajinta, tana jiran su amsa. In hankalinta ya dawo, sai ta ji ta bango ana haddace wajiban mai riƙon amana: gaskiya, kulawa, kada ya amfana da abin da aka ba shi riƙo. Yana da kyakkyawar hadda, wannan kam ba ta taɓa hana shi ba.

Da safen jarrabawarsa ta faɗi a hanyar banɗaki. Ya fito da kwat da jaka ya same ta a ƙasa tana jan iska kamar wadda aka danne da dutse, Mama a kanta tana salati. Ya dubi agogo. Ya fita ya tsayar da tasi, shi da direban suka kinkime ta suka sa a baya, ya tura Mama ta shiga.

"Ku yi gaba, ina nan tafe. In na rasa wannan takardar sai baɗi."

Sai da rana ta karkata ya iso asibitin. Da ya ga dangi da maƙwabta sun fara taruwa a baranda, nan take hannun da yake a ɗaure ya kwance. Ya ce a fitar da yayarsa daga ɗakin jama'a, a kai ta na alfarma, mai labule da kujerar baƙi. Ya ce ko nawa ne. An ɗora ta a inji tun da safe, likita ne ya sa aka ɗora ba tare da jiran kowa ba, amma zuciyar ta riga ta jigata.

Malama tana kwance da robar iska a hanci, tana tafiya tana dawowa. Daga baranda muryar ƙaninta tana ratso ƙofa.

"Sakaci ne! Mace tana zuwa asibitinku tsawon wannan lokaci, ku bari ta kai haka? Ba ku san da wa kuke magana ba. Sai na maka asibitin nan a kotu!"

Ta ji muryar likita, can ƙasa, ba hayaniya.

"Ka kai. Da ƙafata zan zo in faɗi abin da ya hana ta zuwa."

Ba a sake jin zancen ƙara ba.

Ya shigo ya jawo kujera, ya bar ƙofa a buɗe yadda na waje za su gani, ya kama hannunta.

"Yaya, duk abin da ya faru ki yafe. Ni doka na bi. Ba ni da wani nufi."

Ta buɗe ido da ƙyar. Ta dube shi daga maɓallin kwat har zuwa fuska, ta zare hannunta a hankali ta mayar cikin bargo. Ta juya wajen nas ɗin da ke gyara robar ruwa.

"'Yar nan, fitar min da mai riƙon nan. Ƙanina nake jira, bai zo ba."

Lauya ya fito ya gaya wa dangi cewa ciwon ya taɓa mata kai, ba ta gane mutane. Aka yi ta jinjina kai ana ba shi haƙuri.

Ba ta sake fita daga ɗakin mai labule ba.

A zaman gaisuwa Mama ta gaya wa duk wanda ya shigo cewa ɗakin alfarma aka kwantar da ita, ba abin da ba a yi ba, kwana ne ya ƙare. Baffa ya ce shi shaida ne, yaron nan har kotu ya je saboda yayarsa. Mutane suka ce Allah ya ba kowa ƙani irin wannan. Ba wanda ya tambayi abin da ya je nema a kotun. Waɗanda suka sani sun sha lemonsu sun tafi, don gidan mutane ba a shiga, kuma mai kwat ba a ja da shi. Sakamako ya fito, Lauya ya ci darasin dokar amana da maki mafi yawa a ajinsu. Aka ɗaura allon sunansa a saman ginin, manyan baƙaƙe, ana hango su daga tsallaken titi.

Ranar da kotu ta zauna a ƙarshe, alƙali yana nan, takardu sun cika, kowa ya zo a kan lokaci. Babban lauyan ya miƙe ya gyara riga, ya shaida wa kotu cewa mai cin gajiyar da ake magana a kanta ta rasu, don haka babu sauran abin fassarawa. Alƙali ya rubuta, ya rufe shari'a, ya ce a biya kuɗin lauyoyi daga cikin amana.

Wannan kam ba a yi nazari ba. A ranar aka biya.